TANGARAN MAI JIJIYA: ADON DA BA YA GOGEWA

Duk wanda ya taɓa fasa farantin tangaran ya san furen da ke jikinsa a fata kaɗai ya tsaya, cikinsa fari ne fat. To, akwai wani irin tangaran wanda in ka fasa shi za ka tarar adonsa ya ratsa daga ciki har waje, domin ba da fenti aka zana shi ba. Yumɓu ne iri biyu ko uku, kowanne da launinsa, aka gama aka gina.

Mutanen ƙasar Sin sun san wannan sana'a tun zamanin sarakunan Tang, watau daga 618 zuwa 907. A Ingila kuwa ta bunƙasa wajen 1740 a lardin Stafodshaya, inda wani magini mai suna Thomas Whieldon ya shahara da ita. Ya yi butocin shayi, ya kuma yi ƙotar wuƙa yana sayar wa maƙeran birnin Shafil. Josiah Wedgwood, wanda sunansa ya game duniya daga baya, ya yi tarayya da shi daga 1754 zuwa 1759.

Ga yadda a ke yi. Magini ya kan sami farin yumɓu da ja, ko ya rina farin da garin ma'adini: tsatsar ƙarfe ta ba da ja, kobal ya ba da shuɗi. Sai ya daɓe kowanne ya yi faifai, ya jera su bisa juna, ya naɗe, ya yanka, ya sāke jerawa. Sa'an nan ya yanko sala-sala, ya danna cikin mazubi ya liƙe gaɓoɓin. In ya sha iska sai ya kankare bayansa da wuƙa, nan jijiyoyin za su fito sarai. Ba a taɓa samun kwano biyu masu zane ɗaya.

Wuyar aikin wuri biyu ta ke. Na fari, cuɗawa. In ba a danna sosai ba, iska ta kan maƙale tsakani, kwano ya fashe a wuta. In kuwa aka zarce, launukan su haɗiye juna, a tashi da abu ruwan ƙasa, aikin yini ya tafi banza. Na biyu, tsukewa. Yumɓu ya kan ragu da kamar kashi ɗaya cikin goma tsakanin bushewa da gashi, amma ba kowane iri ke raguwa daidai da ɗan'uwansa ba. In ɗaya ya fi tsukewa, sai kwano ya tsage a daidai mahaɗarsu. Saboda haka gwanaye sun fi son yumɓu ɗaya su raba shi, su rina kowane kashi, su kuma shanya a inuwa sannu a hankali.

Malaman da ke koyar da aikin hannu suna iya gwadawa da almajiransu. A fara gina 'yan fale-falen gwaji, a auna tsawonsu da ɗanye da kuma bayan gashi, kafin a taɓa kwano. Amma a kiyaye abu guda. Maginan Ingila na dā da ruwan dalma su ke shafe kayansu don ƙyalli, dalma kuwa guba ce, abinci mai tsami ya kan jawo ta. Kada a yarda ta kusanci abin da yaro zai ci tuwo a ciki.