Kada a Zubar da Tsofaffin Kaset da Faifan Gem

A gidaje da yawa daga Rurum zuwa Rano da Kibiya akwai kwali a ƙarƙashin gado, cike da kaset na bidiyo da faifan PlayStation da aka daina kunnawa tun da waya ta shigo. Yara na zare zaren kaset ɗin suna wasa, sauran kuma bola ake kai su ranar shara. Jama'a, a dakata.

A 2023 ƙungiyar Video Game History Foundation ta Amurka ta gano cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin gem da aka fitar a ƙasar kafin 2010 ba a samun su a kasuwa. Ɗakunan karatu sun nemi izinin bai wa masu bincike damar buga su ta intanet, amma a Oktoban 2024 ofishin haƙƙin mallaka na ƙasar ya ƙi. Kamfani ya daina sayarwa, doka kuma ta hana rabawa.

Mu namu ciwon ya fi kusa. Fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu, na 1976, an fid da rai da shi sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, aka gyara, aka nuna a Balin a 2018. Wannan fim ne na faifan sinima da hukuma ta ajiye. Ina ga fina-finan Kano irin su Turmin Danya na 1990, da aka sayar a kaset? Wani ma kwafin da ke kwalinka ne ya rage.

Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta yarda ɗakunan karatu da ma'ajiyun tarihi su kwafi aiki don adanawa. Ba ta ba mai shagon turi lasisin zuba wa mutane a memori ya karɓi kuɗi ba. Wannan satar fasaha ce, ko da fim ɗin ya tsufa, domin haƙƙin fim shekara 50 yake ɗauka.

Zafin kwano, laimar damina da gara su ne ajalin kaset. A jera shi a tsaye cikin kwalinsa, nesa da sifika, don maganaɗisu yana goge hoto. Faifai kuma a riƙe shi ta gefe. Wanda ya gaji da ajiya ya tuntuɓi ɗakin karatu na Murtala Muhammad a Kano, ko mai fim ɗin in yana raye, kafin ya ba 'yan jari bola.