Rage Iyakar Kati Bai Yafe Maka Bashi Ba: Amsa Ga Saƙon Da Ke Yawo A Zangon Kwatano

Wani saƙon murya ya cika wayoyin mutanen Zangon Kwatano a 'yan kwanakin nan. Daga zauren WhatsApp na 'yan canji ya faɗa na dillalan motoci, daga nan ya shiga na dangi, har ana sauraronsa a rumfunan Misebo da Dantokpa. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, bai faɗi inda yake aiki ba, sai rantse-rantse da "wani babba a banki ne ya gaya mini." Abin da yake cewa a taƙaice shi ne: bankunan Najeriya suna rage iyakar abin da mutum zai iya kashewa da katinsa domin sun kusa rushewa, da gangan ake yi wa 'yan Arewa mazauna waje, za a karya darajar sefa, akwai wani yaro da ke iya mayar maka da iyakarka. Sai ya rufe da shawarar da ta fi komai muni: duk mai katin bashi ya yi maza ya zare ragowar abin da aka yarje masa, ya daina biya, tunda banki ne ya fara saɓa alkawari, kuma hannunsa ba ya tsallake iyakar ƙasa ta Seme.

Akwai gaskiya a ciki, kuma ita ce ta sa ƙaryar ta samu shiga. An taɓa rage iyakar katunan naira, ragewa mai zafi. A 2020 bankuna da dama sun mayar da abin da za a iya kashewa a ƙasar waje dalar Amurka 100 a wata. A 2022 aka sauko da shi dala 20, sannan First Bank ya dakatar da aiki da katin naira a waje a ƙarshen Satumba, GTBank ya bi sahu a ƙarshen Disamba. Dalilin a fili yake: ƙarancin dala. Duk sefar da ka zara da katin naira a Kwatano, da kuɗin waje bankinka zai biya ta. A Yulin 2025 wasu bankunan, ciki har da GTBank da UBA, suka sake buɗe katunan. Wato mai saƙon tsohon labari ya ɗauko ya ɗumama, ya ƙara masa yaji.

Sauran ƙananan maganganun ba su cancanci dogon bayani ba. Rage iyaka ba shaidar rushewar banki ba ce. Ranar da aka ƙwace lasisin Heritage Bank a Yunin 2024, Babban Bankin Najeriya ne ya sanar da kansa. Batun ƙabila kuwa, ragewar 2022 ta sami ɗan Kano da ɗan Aba da ɗan Ibadan daidai wa daida. Sefa tana nan a ɗaure da yuro, 655.957 kan kowane yuro ɗaya, tun 1999. Shi kuma yaron da zai "gyara" maka kati idan ka tura masa lambar katin da lambar sirri da lambar da banki ya aiko ta waya, mutanen Kwatano sun daɗe da sa wa irinsa suna: gayman.

Yanzu ga inda cutar take. Da farko mai saƙon ya cakuɗa abu biyu. Katin da ke aljihun yawancinmu na cire kuɗi ne, abin da ka ajiye kake zara. In an rage iyakarsa an takura maka, amma kuɗinka na nan a asusunka. Katin bashi daban ne. Banki ne ya ce ka kashe har zuwa kaza daga aljihunsa, ka biya daga baya. Mutanen da ke riƙe da irinsa, ko masu yarjejeniyar zarar fiye da abin da ke asusu, su ne shawarar za ta jefa a rami, kuma galibinsu 'yan kasuwa ne masu suna da mutunci.

A ɗauki misali. An yarje wa mutum naira miliyan 1, ya kashe dubu 400, sai banki ya mayar da iyakarsa dubu 500. Bashinsa bai motsa ba, dubu 400 ne jiya, dubu 400 ne yau. Abin da ya ragu shi ne filin da ya saura masa, daga dubu 600 zuwa dubu 100. Kamar mai shago ne da ya ce daga yau ba zai ƙara ba ka kaya bashi fiye da kaza ba. Ba wanda zai ji wannan ya ɗauka an yage littafin. Batun saɓa alkawari kuwa, a koma ga takardar da aka sa wa hannu ranar karɓar katin. Irin waɗannan takardu sun saba ba banki ikon ɗagawa ko rage iyaka idan ya ga dama, kuma abin da taka ta ƙunsa shi ne hukunci tsakaninku.

Ba a musun cewa ragewar tana cutar da mai katin. Wanda ya dogara da ragowar nan don fitar da kaya daga tashar jirgin ruwa, ko biyan kuɗin makarantar yaro, zai wayi gari lissafinsa ya wargaje. Sannan a idon duk mai duba tarihin bashinsa, mutumin da jiya ya taɓa kashi 40 cikin 100 na abin da aka yarje masa, yau ya koma mai kashi 80, alhali bai ƙara kashe ko sisi ba. A Amurka, inda bankuna suka rage wa ɗimbin jama'a iyaka lokacin rikicin kuɗi na 2008 da kuma lokacin korona a 2020, wannan lissafin ne ya riƙa sauke makin amana na mutanen da ba su taɓa saɓa ranar biya ba.

To amma shawarar mai saƙon ƙara ciwon take yi. Zarar tsabar kuɗi da katin bashi ita ce hanya mafi tsada ta amfani da shi. A al'adar bankuna, sayen kaya da kati yana da 'yan kwanakin rangwame kafin kuɗin ruwa ya fara hawa, tsabar kuɗi kuwa daga ranar da ka zara ake fara ƙirga maka, ga ladan zara, ga kuma na canji in a Kwatano ka zara. Banda haka, wanda ya wawushe duk iyakarsa a yini guda ya nuna wa banki alamar da yake tsoro ke nan, kuma shi ne na gaba a layin waɗanda za a rufe wa kati.

Sai babbar ƙaryar, wai iyakar ƙasa za ta kare ka. Tun 2014 aka ɓullo da lambar BVN, wadda ta ɗaure duk asusun mutum a bankunan Najeriya da yatsunsa. Daga 1 ga Agustan 2020 kuma Babban Banki ya fara aiki da tsarin da ake kira GSI. A ƙarƙashinsa, wanda ya sa hannu a wannan sharaɗi lokacin cin bashi, in ya ƙi biya, bankin da ke binsa yana iya cire uwar kuɗin da ruwan da ya taru daga asusunsa na wasu bankunan, har da asusun dala da asusun haɗin gwiwa. Gaskiya ne tsarin ba ya taɓa asusun sefa da ke bankin Kwatano. Sai dai a tambayi kowane dillali a Zango: mai sayen mota daga Kano, ko mai sarin atamfa daga Legas, ta ina yake turo kuɗi? Ta asusun naira. Ranar da kuɗin wani bawan Allah suka faɗa asusunka banki ya kwashe, ba ka da abin ce wa mai su, kuma mai saƙon murya ba zai zo ya tsaya maka ba.

Sunan ma ba ya ɓacewa. Najeriya tana da kamfanonin adana tarihin masu bashi, CRC da FirstCentral da CreditRegistry, da dokar 2017 da ta tsara aikinsu, kuma bankuna suna duba su kafin ba da sabon rance. Wanda bashinsa na bankin Benin ne shi ma kada ya yi murna: ƙasashe takwas da ke ƙarƙashin babban bankin BCEAO suna da nasu ofishin tattara bayanan bashi. A wajen addini kuwa, ƙyamar riba hujja ce ta ƙin karɓar katin tun farko, ko ta gaggauta sauke nauyinsa. A je a tambayi malaman Zango ko ta halatta cinye uwar kuɗin da mutum ya karɓa da hannunsa.

Waɗanda suka yarda da saƙon ba wawaye ba ne. Dattawanmu sun ga karya sefa a Janairun 1994. Mutanen wannan gari sun ga yadda kamfanin ICC Services ya rushe a 2010 da dukiyar dubban mutane. Sun ga rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sun ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023, sun ga dala ta tashi daga wajen naira 460 ta wuce 1,500 cikin ƙasa da shekara. Wanda ya sha wannan, ko ihun wasa ya ji zai zabura. Laifin yana kan wanda ya zauna ya shirya maganar ba tare da ya karanta takarda ko ɗaya ba, da kuma masu turawa gaba suna rubuta "yadda na samu", kamar hakan zai wanke su.

Idan an rage maka iyaka, ka kira bankinka ta lambar da ke bayan katin, ko ka shiga reshe, ka nemi dalili a rubuce. Ka ci gaba da biya a kan lokaci, in da hali ka biya fiye da mafi ƙarancin da aka yanka maka. In biyan ya yi nauyi, ka nemi a sake tsara maka shi tun kafin ranar ta wuce, domin banki ya fi sauraron wanda ya kawo kansa. In an cire maka abin da bai dace ba, ka shigar da ƙorafi a bankin, in bai warware ba ka kai sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki. Kada ka ba kowa lambar sirrinka. Saƙon kuma ya tsaya a wayarka, sannan ka gaya wa wanda ya turo maka cewa bashin yana nan, kuma kai za a bi.