Fitilar Titi da Ciwon Suga



Da an ambaci ciwon suga, sai hankali ya tafi kan abinci da ƙiba da yawan zama. To yau ga abin da ba a cika kawowa a rai ba: fitilar nan da ke kwana a kunne a bakin titi, haskenta na ratsa taga yana sauka a fuskar mai barci.

A shekarar 2022, likitocin asibitin Ruijin da ke Shanghai suka fitar da wani bincike. Sun ɗauki bayanan lafiyar manya sama da dubu 98 a faɗin ƙasar Sin, suka gwada su da hotunan dare na tauraron ɗan'adam. Sai ga shi a wuraren da suka fi haske, masu suga sun zarce na wuraren da suka fi duhu da kashi 28 cikin ɗari. Wannan bai nuna fitila ce kaɗai mai laifi ba, domin zaman birni yana da nasa illolin. Amma adadin ya wuce a kawar da kai.

Ta yaya haske zai taɓa sukarin jini? A cikin ƙwaƙwalwa akwai agogon da ido ke saita wa lokaci. Idan duhu ya yi, jiki ya saki sinadarin melatonin, zuciya ta sassauta, gaɓoɓi su huta. Haske na rikita wannan tsari, ko da ido na rufe. A Jami'ar Northwestern ta Amurka an gwada matasa 20, aka kwantar da rabinsu a ɗaki mai fitila. Dare ɗaya tal! Zuciyar waɗanda suka kwana a hasken ta yi ta bugawa da sauri, da gari ya waye kuma jikinsu bai karɓi insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, yadda ya kamata ba.

Mun san abin da ya sa muke kunna fitila a ƙofar gida, kuma ba mai cewa a bar layi cikin duhu ɓarayi su samu yadda suke so. Roƙonmu ga masu kafa fitilun sola a unguwanni shi ne su sunkuyar da kan fitilar ta haska ƙasa, kada ta kalli tagogin mutane. Kai kuma maigida, yau bayan isha'i kashe ƙwan ɗakin yara ka tsaya. In kana ganin zanen tabarma sarai, to a nemo labule mai kauri.