Tsagar da ido ba ya gani: Abin da ke cin ƙarfen jirgin sama a ɓoye

Duk uwargidan da ke girki da tukunyar dalma a Limawa za ta gaya maka cewa alminiyam ba ya tsatsa. Sai dai wannan ƙarfen ne kuma ke ɗauke da maniyyatan Jigawa idan suka tashi daga filin jirgin sama na Nuhu Muhammad Sanusi da ke Dutse, wanda aka buɗe a 2014. A can sama kuwa, labarin ya sha bamban.

Zallar alminiyam yana da laushi, ba zai iya riƙe fiffiken jirgi ba. Shi ya sa ake gauraya shi da zink da magniziyam da jan ƙarfe. Mafi shahara a irin wannan haɗi shi ne mai lamba 7075, wanda kamfanin Alcoa na Amurka ya fito da shi a 1943. Ƙarfin ya samu, amma ya zo da laifinsa.

Yadda tsagar ke farawa

Abu uku ne sai sun haɗu: ƙarfe mai saurin kamuwa, da ɗamewar da ke jan sa dare da rana, da danshi, musamman mai gishiri. Ɗamewar kan samo asali tun daga ƙira, ko daga kusar da aka matse da yawa, don haka ko jirgi na ajiye tana nan.

Idan aka duba da madubin ƙara girma, ƙarfe ƙwayoyi ne manne da juna kamar tubalan gini. Ruwan gishiri yakan bi mahaɗar ƙwayoyin yana zaizaye ta, yana kuma sakin iskar haidirojin da ke kutsawa ciki ta mai da wurin gautsi. Ɗamewa sai ta buɗe tsagar, ruwa ya ƙara shiga. Daga waje ƙarfen na sheƙi, ciki kuwa gara ta gama aiki.

Busasshiyar iskar hunturun Dutse ba ta cika kawo wannan matsala ba, amma jirgin alhazai yakan sauka Jidda, a bakin Bahar Maliya, inda iska ke ɗauke da gishiri.

Maganin da aka samo

A farkon shekarun 1960 injiniyoyi suka fito da salon gashi mai suna T73, inda ake tsawaita gasa ƙarfen. Yakan rasa kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na ƙarfinsa, amma ya fi jure tsaga nesa ba kusa ba. Ana kuma shafa fenti mai kariya, sannan a riƙa bin sassan jirgi da na'urori masu gano tsagar da ido ba ya gani.

Wannan bincike yana cin lokaci. Don haka idan aka ce jirgi ya yi jinkiri saboda injiniyoyi na duba shi, haƙurin zaman sansanin alhazai bai zama asara ba. Rigakafi ya fi magani.