Muryar Mai Karatu a Labaran Jaruntaka: Gandoki da Iliya Ɗan Maiƙarfi

Biyu daga cikin fitattun jaruman ƙagaggun labaran Hausa suna da alaƙa da ƙasar Katsina. Malam Bello Kagara, wanda ya koyar a Kwalejin Katsina, daga baya kuma ya zama Walin Katsina, shi ya rubuta Gandoki, aka buga shi a 1934 bayan gasar da Rupert East ya shirya a 1933. Ahmadu Ingawa kuwa ya fitar da Iliya Ɗan Maiƙarfi a 1951, ya samo tushensa daga labarin wani gwarzon Rasha, Ilya Muromets. A yau matasa da dama da kunne suke saduwa da irin waɗannan labarai, ta rediyo ko wayar hannu, saboda haka nauyin da ke kan mai karantawa ya cancanci nazari.

Matsala ta farko daga rubutun boko take, domin ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Kalmar "gari" tana iya nufin wurin zama, tana kuma iya nufin abin tuƙa tuwo. Mai karatu ne zai raba gardama kafin ya buɗe baki.

Ta biyu ta fi wuya. Gandoki da kansa yake ba yara labarinsa, tun daga yaƙe-yaƙensa da Turawa har zuwa ƙasar aljannu. Ke nan mai karatu murya biyu zai ɗauka: ta dattijo mai tuna baya, da ta sadauki mai yi wa kansa kirari a fagen fama. Kirari kuwa abin ɗaga murya ne da sarrafa numfashi. Wanda ya karanta shi kamar sanarwar haraji ya kashe Gandoki, abin da Turawan littafin suka kasa. Iliya ya fi sauƙi, tun da wani ne ke ba da labarinsa, sai dai dole a ji bambanci tsakanin yaron da ba ya iya tashi da ƙaton da ya miƙe bayan an warkar da shi.

Amurkawa sun gamu da irin wannan a 1940, sa'ad da aka fara wasan Superman a rediyo. Bud Collyer yakan yi maganar Clark Kent da siririyar murya, sannan ya kaurara ta idan jarumin ya bayyana. Mai tatsuniya ta san wannan dabara tuntuni, domin da tsamin baki take raba Gizo da Ƙoƙi.