Ko Ka Sani? Ƙarfen da Ya Riga Bam Zuwa Duniya

Ko ka san akwai tsohon ƙarfe mai tsatsa, wanda ya shekara fiye da 100 a ƙasan teku, da masana kimiyya suka daɗe suna fifita shi a kan sabo fil daga masana'anta? Yana nan kwance a wani lungun teku da ake kira Scapa Flow, tsakanin tsibiran Orkney a arewacin Scotland, inda masu nutso daga ƙasashe daban-daban suke tururuwa don su gan shi da idonsu.

Bayan an tsagaita wuta a Yaƙin Duniya na Ɗaya a watan Nuwamba 1918, Birtaniya ta tsare jiragen ruwan yaƙin Jamus 74 a wannan wuri, da matuƙansu a ciki, ana jiran a yanke yadda za a yi da su a taron sulhu na Faransa. Kwamandansu, Ludwig von Reuter, ya ƙudura cewa abokan gaba ba za su raba jiragen nan ganima ba. Ranar 21 ga Yuni 1919, da safe, bayan galibin jiragen Birtaniya masu gadi sun fita atisaye, ya ba da alama. Matuƙa suka buɗe duk kafofin da ruwa zai shiga. Kafin faɗuwar rana jirage 52 sun nutse. Wasu 'yan makaranta daga garin Stromness da aka fito da su yawon buɗe ido a ƙaramin jirgi a gabansu aka yi komai. Sojojin Birtaniya sun harbe Jamusawa 9 a cikin ruɗanin ranar.

Daga baya an tsamo mafi yawansu. Wani ɗan kasuwar ƙarfe, Ernest Cox, ya riƙa toshe ramukan jirgi, ya ɗura masa iska har ya taso a kife, a ja shi zuwa inda za a yanyanka. Manya guda 7 ne suka rage: König, Markgraf da Kronprinz Wilhelm, sai ƙannensu Brummer, Cöln, Dresden da Karlsruhe.

Mai nutso yana goya tukunyar iska, ya sa rigar da ruwa ba ya ratsawa saboda tsananin sanyi, ya bi igiya ya gangara. Kowace mita 10 nauyin ruwa yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar sama gaba ɗaya, don haka a zurfin mita 40 iskar tukunya tana ƙarewa da sauri ninki biyar fiye da a bakin ruwa, kuma tilas ya hau a hankali, yana tsayawa a hanya. 'Yan mintoci kaɗan ke gare shi a kan jirgi mai tsawon mita 175. Manyan ukun duk a kife suke, domin nauyin igwoginsu da ɗakunan ƙarfen da ke ɗauke da su ya juyar da su suna nutsewa. Wanda ke son ganin igwogin Kronprinz Wilhelm, masu baki santimita 30 da ɗoriya, sai ya sauka har ƙasa ya leƙa ƙarƙashin jirgin da fitila.

To, me ya sa ƙarfen nan ya yi daraja? Ka tuna maƙeri da zugazuginsa: ba a sarrafa ƙarfe sai da iska. A manyan masana'antu ma haka ne, ana hura iska mai yawan gaske, ko iskar oksijin da aka tato daga cikinta, a cikin narkakken ƙarfe don a ƙone dattinsa. Duk abin da ke yawo a cikin iskar yana iya maƙalewa a jikin ƙarfen. Ranar 16 ga Yuli 1945 Amurka ta tayar da bam ɗin nukiliya na farko a hamadar New Mexico, sai Hiroshima da Nagasaki a watan Agusta, sannan gwaje-gwaje sama da 500 a sararin sama cikin shekarun da suka biyo baya. Burbushinsu ya gauraye duniya, babu ƙasar da ta tsira. Mu ma iskarmu ta ɗauka: a 1960 Faransa ta fara gwada nata a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, ɓangaren da iskar hunturu ke biyowa zuwa gare mu, kuma a kan haka gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta yanke hulɗar jakadanci da Faransa a watan Janairu 1961.

Saboda haka ƙarfen da aka narka bayan 1945 ya fito da ɗan tururin nukiliya a jikinsa. Ɗan mitsitsi ne, ba ya cutar da kowa, ka yi tukunya da shi ko ƙofar gida babu komai. Amma idan za ka ƙera na'urar da aikinta shi ne auna wannan tururi a jikin ɗan Adam, ko a cikin abinci, sai ƙarfen na'urar da kansa ya riƙa ruɗa awon. Likitoci suna buƙatar ɗaki mai bangon ƙarfe mai kauri, a kwantar da mutum a ciki a auna abin da jikinsa ya haɗiya, kuma dole bangon ya kasance ba ya ɗauke da komai. Ina za a sami tan-tan na ƙarfen da aka narka kafin 1945? Na tudu an riga an sake narka mafi yawansa, ya gauraya da sabo. Wanda ya tsira shi ne wanda hannu bai kai gare shi ba, kuma sulken jirgi irin König kaurinsa ya kai santimita 35. Wannan ne ya fi burge ni a duk labarin: ba ruwan teku ne ya tsarkake ƙarfen ba, ajiye shi kawai ya yi, nesa da tanderu, har zamanin da aka zo ana nemansa ruwa a jallo.

Darma ma tana da irin nata labarin. Sabuwar da aka haƙo tana fitar da ɗan tururi na asali, wanda ke raguwa da rabi duk bayan shekara 22. An tsamo dunƙulen darma daga wani jirgin Romawa da ya nutse kusa da tsibirin Sardiniya fiye da shekara 2,000 da suka wuce, aka kai wasu ɗakin binciken da ke ƙarƙashin dutsen Gran Sasso a Italiya, suna kāre na'urar da ke farautar abubuwan da suka fi ƙwayar zarra ƙanƙanta. Wasu masana tarihi ba su ji daɗin narka kayan tarihi ba, kuma ina ganin suna da hujja.

A 1963 Amurka da Tarayyar Sobiyet da Birtaniya suka amince su daina gwaji a sararin sama. Faransa ta ci gaba har 1974, Sin kuma har 1980. Tun daga nan iska ta yi ta washewa, har ta kai yau sabon ƙarfe ya isa ga yawancin na'urori, in ban da masu tsananin laulayi.

Jiragen nan 7 na Scapa Flow yanzu doka ta kāre su a matsayin kayan tarihi, a kalla a ɗau hoto, amma ko ƙusa ba a cirewa. A cikin ruwan guda kuma akwai Royal Oak, jirgin Birtaniya da jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus ya harbo a watan Oktoba 1939, mutum sama da 800 suka mutu. Shi maƙabarta ne, an haramta nutso a kansa sai da izini, kuma haka ya dace. Abin takaici, a Tekun Java ba a sami wannan kariya ba: a 2016 aka gano ɓarayin ƙarfe sun kwashe jiragen yaƙin Holan da na Birtaniya da suka nutse a 1942 da gawarwakin matuƙansu, wasu ma babu abin da ya rage sai ramin da suka kwanta a ciki.