Shin Ko Kun San Dodon Koɗin Kurmi?

Shin ko kun san cewa ƙaton dodon koɗin nan da ake sayarwa a kwanduna a kasuwannin kudancin Najeriya ɗan asalin dazuzzukan Afirka ta Yamma ne? Masana na kiransa Archachatina marginata, kuma tun 1821 aka bayyana shi a littattafan kimiyya. Katantanwarsa na iya kaiwa santimita 20, ta cika tafin hannun babban mutum taf.

Rayuwarsa gaba ɗaya a kan danshi ta rataya. Da rana yana kwance ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye, ko gindin ayaba, ko cikin kututturen da ya faɗi. Sai dare ya yi, raɓa ta sauka, sannan ya miƙo ƙahonni huɗu ya fita kiwo, idanunsa a kan dogayen biyun na sama. In hunturu ya busa ƙasa ta bushe, sai ya nutse cikin turɓaya, ya toshe bakin katantanwar da wani farin yauƙi mai daskarewa, ya yi watanni ba ci ba sha har ruwan farko ya tashe shi.

Shin ko kun san yana da dubban haƙora? Ƙanana ne ƙwarai, jere a kan wani abu mai kama da harshe, da su yake kankare abinci. Ku ajiye masa ɓarin gwanda da dare, da safe za ku tarar ya rarake tsokar ya bar ɓawo. Yana son ganyen gwanda, ganyen gwaza da na rogo, da 'ya'yan itacen da suka nuna suka zubo. Abin da ya fi burge ni shi ne yana cin ƙasa, yana gwaguyar tsohon ƙashi da ɓawon ƙwai, domin daga nan yake samun sinadarin kalsiyam da yake gina gidansa. Gishiri kuwa ajalinsa ne, yana tsotse ruwan jikinsa.

Kada a haɗa shi da ƙananan dodon koɗin kududdufi masu yaɗa tsargiya. Wannan na tudu ne, iska yake shaƙa.

Kowane ɗaya yana da halittar namiji da ta mace a jiki guda, amma ƙwansa ba yawa: 'yan ƙwaya manya yake binnewa a ƙasa mai laima. Shi ya sa ƙunar daji, sare itatuwa da feshin maganin ƙwari ke yi masa mummunar ɓarna, musamman da rani, lokacin da wuta kan same shi a binne yana barci.